Yadda za ka ɗauki hoton tsuntsu, ƙwaro da wata ya fito tas, ko da waya ce a hannunka

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini ta bakin mutane daban-daban: "Na ga tsuntsu a kan reshe, ko wata ya fito tangaran, na ɗaga waya na danna, amma abin da na samu baƙin ɗigo ne ko farin tabo. Ina matsalar take?" Yawancinsu kuma sai su ƙara da tambayar wace kyamara za su saya. Amsata ita ce a dakata da batun saye tukuna. Abin da ya fi ɓata hotunan masu koyo shi ne mummunan haske, rawar hannu da gaggawa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da kuɗi ke magancewa. Ga yadda aikin yake bi da bi.

1. Tanadi kayan aiki

Fara da wayarka. Buɗe kyamararta ka duba ko tana da sashen da aka rubuta Pro ko Manual, inda kai ne ke juya saiti da hannunka. In babu, akwai manhajojin kyamara da ke ba da wannan dama.

Idan za ka kashe kuɗi, ga jerin da nake ganin ya fi dacewa. Na farko ƙafar kyamara mai ƙafa uku tare da maƙalin waya. Ita ce mafi araha a kayan nan, kuma ita ce ta fi canja hoto. Na biyu batirin ajiya da ƙarin memori. Na uku ɗan gilashin da ake maƙala wa waya don ɗaukar ƙananan abubuwa. Kyamara ita ce ta ƙarshe, kuma in lokacinta ya yi, ka fi zuba kuɗin a gilashinta a kan jikinta, domin tsuntsu yana bukatar dogon gilashi mai milimita 300 zuwa sama. Tsohuwar kyamara mai gilashi mai kyau ta fi sabuwa fil mai gajeren gilashi amfani a wannan aiki.

Hattara wajen sayen na hannu: cire gilashin ka haska shi da tocila ta baya. In ka ga wani abu kamar zaren yanar gizo-gizo a ciki, naso ne ya kama shi, ka bar shi komai arharsa. Ka kuma ɗauki hoton farar takarda ka duba ko akwai tabon da ke maimaita kansa a wuri ɗaya.

2. Yi shiri tun daren jiya

Caja batir, kwashe tsofaffin hotuna daga memori, duba hasashen yanayi da lokacin fitowar rana a inda za ka. Goge gilashi da ƙyalle mai laushi, amma ka fara hure ƙurar, don goge gilashi da ƙura a kansa karce shi ne. Wannan gogewar ta fi muhimmanci a waya: maiƙon yatsa shi ke sa fitilu su yi ta jan wutsiya a hoto, launuka kuma su dushe.

In tafiyar ta jirgin sama ce, batiran ajiya na lithiyum a jakar hannu ake sa su, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Ƙa'ida ce ta sufurin sama.

Hattara da sauyin yanayi: fito da kyamara daga mota mai sanyin na'ura zuwa waje mai ɗumi da laima yana sa gilashi ya yi gumi. Bar ta cikin jakarta a rufe na ɗan lokaci har zafinsu ya daidaita. Kada kuma ka canja gilashi a inda iska ke tayar da ƙura.

3. Zaɓi lokaci, ka san inda rana take

Sa'a ɗaya bayan fitowar rana da sa'a ɗaya kafin faɗuwarta su ne lokutan da suka fi kyau. Dalili kuwa, idan rana tana ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso gare ka, iskar ta watsar da shuɗin da ke cikinsa, ja da ruwan ɗorawa su rage. Hasken kuma yana zuwa ta gefe, sai ya fito da zanen gashin tsuntsu, da ɓawon itace, da tudu da kwarin ƙasa. Da tsakar rana hasken daga sama yake sauka, inuwa ta yi baƙi ƙirin, fari kuma ya ƙone ba a ganin komai a cikinsa.

Kada ka raina ranar da hadari ya rufe sama. Gajimare yana tausasa haske, kuma babu lokacin da ya fi shi kyau wajen ɗaukar fure, ganye da ƙwari.

A matsayinka na mai farawa, sa rana a bayanka ko a kafaɗarka. Hanya mafi sauƙi: duba inuwarka, ka sa ta nuna abin da kake son ɗauka.

Gargaɗi mai ƙarfi: kada ka taɓa duban rana ta cikin dogon gilashi ko madubin hangen nesa, ko da lokacin husufi ne. Yana iya makantar da ido nan take, ya kuma ƙona cikin kyamara. Ɗaukar rana sai da matatar haske ta musamman da ake sawa a gaban gilashi.

4. Fahimci saiti uku

Kyamara kamar ido take: tana da ƙofar da ke faɗi ko tsukewa, tana kuma ƙiftawa.

Saurin ƙiftawa shi ne tsawon lokacin da haske ke shiga. Za ka ga lambobi irin 1/60, 1/250, 1/1000, wato kason daƙiƙa. Mai sauri yana tsayar da motsi cak, amma haske kaɗan yake bari ya shiga. Daga 1/250 zuwa 1/500 ka rage hasken da rabi.

Ƙofar haske ana rubuta ta da f, kuma lissafinta a juye yake: f/2.8 babbar ƙofa ce, f/16 ƙarama. Babbar ƙofa tana narkar da bayan hoto, ƙarama tana sa na kusa da na nesa duka su fito. A yawancin wayoyi ƙofar ba ta canjawa, don haka mai waya saiti biyu kawai zai kula da su.

ISO shi ne yawan ƙarfafa hasken da ya shigo. A 100 hoto yana fitowa sumul. Kana ɗaga shi yana ƙara haske, yana kuma ƙara tsaki-tsaki a hoton. Kuskuren da na fi gani shi ne tsoron ISO: mutum ya bar shi a 100, saurin ƙiftawa ya faɗi, tsuntsu ya fito a dame. Hoto mai tsaki ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Ɗaga shi zuwa 800 ko 1600 in bukata ta kama.

In kyamararka tana da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kunna shi a hotunan da ka damu da su. Yana cin wuri sosai, amma yana riƙe bayanan haske da inuwa da za ka bukata wajen gyara.

5. Riƙo da saita gani

Riƙe da hannu biyu, manna gwiwar hannu a haƙarƙari, jingina da itace ko dutse in akwai, ka danna a hankali bayan ka fitar da numfashi. Da dogon gilashi, kada saurin ƙiftawa ya gaza tsawonsa: mai milimita 300 yana son 1/300 ko fiye. A waya, taɓa abin da kake so a allo ka riƙe har gani ya kulle a kansa, wato shi ne zai fito tas, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa don daidaita haske.

Hattara da zum na tsunkule allo da yatsu biyu. Bayan lambobin da wayar ta rubuta da kanta, irin 1x, 2x ko 3x, sauran duk yanka hoto ne da buɗa shi. Matsa kusa da ƙafarka, ko ka ɗauka haka ka yanka daga baya.

6. Tsuntsaye

A nan ne haƙuri ya fi kaya amfani. Mai koyo yana bin tsuntsu, tsuntsun yana tashi, ya sake bi, ya dawo gida da hotunan wutsiya. Abin da ke aiki shi ne ka nemi inda tsuntsaye ke zuwa da kansu, bakin ruwa, itace mai 'ya'ya, ko gonar da aka girbe, ka zauna shiru da tufafi marasa ƙyalli. Bayan ɗan lokaci za su manta da kai. Fara da waɗanda suka saba da mutane, irin kurciya, balbela da hankaka. A kansu hannu ke faɗawa, kafin ranar da za ka haɗu da zalɓe tsaye a bakin fadama.

In dole ka matsa, kada ka nufe shi kai tsaye, kada kuma ka zuba masa ido. Bi ta gefe, taku kaɗan ka tsaya. Da zarar ya daina cin abinci ya miƙe wuya, ka kai iyakarsa, tsaya nan har ya koma harkarsa. Ka riƙa ɗauka tun daga nesa a kowace tsayawa, don ko ya tashi kana da wani abu a hannu.

Saiti: wanda ke zaune 1/500 ya isa, mai tashi yana son 1/2000. Kunna ɗauka a jere, wadda ke harba hotuna da yawa in ka riƙe maɓalli. Saita gani a kan ido. In ido ya fito tar, da ɗan ɗigon haske a cikinsa, hoton ya rayu ko da fiffike ya ɗan dushe. In ido bai fito ba, kyan sauran jikin ba zai cece shi ba.

Sauka daidai tsayinsa. Tsuntsun da ke ƙasa, durƙusa ko ka kwanta rub da ciki. Bambancin yana da girma: daga tsaye bayan hoton ƙasa ce da tarkace, daga ƙasa kuwa bayan ya yi nisa ya narke, tsuntsun ya fito shi kaɗai. Kafin ka danna, duba bayansa. Taku ɗaya zuwa hagu yana iya kawar da reshen da ke fitowa ta kansa.

Abu biyu da kyamara ke ruɗewa a kansu. Shirwa a farin sama tana fitowa baƙa, saboda kyamara sama take aunawa, don haka ƙara haske da +1. Balbela a cikin rana tana ƙonewa, rage da -1. Ka kuma lura da iska: tsuntsaye suna tashi suna sauka suna fuskantar iska, to in iska da rana duka suna bayanka, za su taso suna kallonka cikin haske.

Mai waya yana da dabara ɗaya: manna kyamarar wayar a bakin madubin hangen nesa, ka daidaita har baƙin zoben gefe ya ragu. Da maƙali ya fi sauƙi, amma ko da hannu ana samun hoton da zai isa a gane tsuntsun.

Gargaɗi: ka nisanci sheƙa. Uwar da aka kora tana barin ƙwai ga rana da maciji, kuma karya reshe don sheƙar ta fito fili tona mata asiri ne. Kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito shi ma yana wahalar da shi, musamman lokacin kiwon 'ya'ya. Babu hoton da ya kai wannan.

7. Ƙwari, raɓa da ƙananan abubuwa

Wannan ne fannin da waya ta fi taka rawa, kuma shi na fi so mutum ya fara da shi, don ba ya bukatar tafiya mai nisa. Fita da sassafe. Ƙwari ba sa ɗumama jikinsu yadda muke yi, zafin waje suke jira, shi ya sa kafin rana ta ɗaga za ka tarar da malam-buɗe-littafi ko mazari a maƙale a ciyawa, raɓa a fiffikensa, ba ya iya tashi da sauri.

Matsa a hankali, kada inuwarka ta faɗa kansa. Kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take iya gani, a yawancin wayoyi wajen santimita 10 ne in ba su da saitin kusa. In ka wuce nan hoton zai dushe, ja baya kaɗan. A irin wannan kusanci abin da ke fitowa tas bai wuce kaurin 'yan milimita ba, saboda haka daidaita wayar ta yi layi ɗaya da fiffiken, ta yadda dukansa zai kasance nisa ɗaya da gilashi. Kulle gani, sannan ka riƙa matsar da jikinka gaba da baya kaɗan-kaɗan kana ɗauka a jere. Mai kyamara ya tsuke ƙofa zuwa f/8 ko f/11. Farar takarda da ka riƙe a gefen inuwa tana mayar da haske ta cike duhun, ta fi filas kyau nesa ba kusa ba.

Mazari yana da wata ɗabi'a mai amfani: yakan tashi ya yi farauta ya dawo kan tsinken da ya bari. In ya tashi kada ka bi shi. Saita gani a kan tsinken ka jira.

Ka gwada wannan ma: nemi ɗigon raɓa da ke rataye a ganye, da fure a bayansa. Matsa ka duba cikin ɗigon, za ka ga furen gaba ɗaya a ciki, a kife. Ɗigon yana lanƙwasa haske yadda gilashin kyamararka ke yi. Yanar gizo-gizo mai raɓa kuwa sai ka sa rana a bayanta, a nan karya ƙa'idar mataki na uku shi ne daidai.

In kana son sanin sunan abin da ka ɗauka, ɗauke shi ta sama, ta gefe, da kuma shukar da yake kai, ka ajiye ɗan ma'auni kusa don a ga girmansa. Manhajar iNaturalist tana taimakawa wajen gane ƙwari da tsirrai, Merlin Bird ID ta ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell kuma wajen tsuntsaye.

Hattara: idonka yana kan allo, ƙafarka tana cikin ciyawa. Sa rufaffen takalmi, duba wuri kafin ka durƙusa, kada ka ɗaga dutse da hannu, ka kuma ba gidan zuma da na rina tazara.

8. Ruwa, bakan gizo da faɗin ƙasa

Ruwa mai gudu: 1/1000 yana tsayar da kowane ɗigo, 1/4 a kan ƙafar kyamara yana mayar da shi santsi, amma sai a inuwa ko da magariba, in ba haka ba haske ya yi yawa. Bakan gizo kullum yana ɓangaren da ke kishiyar rana, a kusurwar digiri 42 daga inuwar kanka, shi ya sa ba a ganinsa in rana tana tsaka. In ana yayyafi da yamma rana ta leƙo, juya mata baya. Rage haske kaɗan launukan su yi ƙarfi, ka kuma duba sama da shi, wani lokaci akwai na biyu mai launuka a juye.

A hoton faɗin ƙasa kunna layukan allo don kada sararin ya karkace, ka sa wani abu a gaba, dutse ko itace, don ido ya sami mafara. A tafiya ka nemi izini kafin ɗaukar mutane, ka kuma kiyaye wuraren tsaro da aka hana ɗauka.

9. Wata da taurari

Wata yana fitowa farin tabo ne saboda kyamara ta ga duhu ya kewaye shi, sai ta buɗe haske da yawa. Alhali wata dutse ne da rana ke haskawa, saitin rana yake so. Ga cikakken wata fara da ISO 100, f/11, 1/100. A waya shiga Pro, sa ISO mafi ƙanƙanta, saurin ƙiftawa 1/250 zuwa sama, gani a kan mafi nisa, ka riƙa ƙara sauri har duhu-duhun fuskarsa ya bayyana. Ɗora a kan ƙafa, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don taɓawarka kada ta girgiza shi.

Faɗin wata a sama rabin digiri ne kacal, don haka a babbar kyamarar waya ƙarami zai fito komai ka yi. Maganin shi ne madubin hangen nesa, ko ka sa shi cikin wuri: cikakken wata yana fitowa ta gabas daidai faɗuwar rana, lokacin da sauran haske bai ƙare ba, sai ka haɗa shi da itace ko tsauni duka su fito. Yi sauri, domin duniya tana juyawa digiri 15 a sa'a, watan yana gusawa da faɗin kansa cikin minti 2.

Ni dai ba daren sha huɗu na fi so ba. A lokacin rana tana dukansa gaba da gaba, babu inuwa, fuskarsa ta yi shafal. Jira ya zama rabi, ka duba layin da ya raba haske da duhu: a nan ramuka da tsaunukansa ke jefa doguwar inuwa, kowane rami da bakinsa. Zagayen yana ɗaukar kwana 29 da rabi, to damar tana zuwa sau biyu a wata. Jinjirin wata ma yana da nasa: buɗe na daƙiƙa ɗaya a kan ƙafa, za ka ga ɓangaren duhun yana ɗan haske. Hasken rana ne da ya daki duniyarmu ya koma kansa.

Taurari akasin wata ne, haske mai yawa suke so. Zaɓi daren da babu wata, nesa da fitilun gari. Buɗe ƙofa iyakarta, ISO 1600 zuwa 3200, saita gani da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Don sanin tsawon buɗewa, raba 500 da tsawon gilashinka: mai milimita 24 yana ba da kusan daƙiƙa 20. In ka wuce haka taurarin za su fara jan layi. A kyamara mai ƙaramin allon kama haske, rage lokacin da kusan kashi ɗaya cikin uku. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda Zara, Kaza da 'ya'yanta, da Jupita suke a daren. Kusa da Jupita, ko da madubin hangen nesa da aka kafe da kyau ana ganin manyan watanninta 4 a jere, waɗanda Galileo ya gani a 1610.

Hattara: ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farar tocila kuma tana rushe wannan nan take. Yi amfani da ja, rage hasken allo. Ka je wurin da rana ka san ramukansa, kada kuma ka je kai kaɗai.

10. Tace, gyara, ajiye

Kwafe hotunan a ranar, kafin ka goge komai daga memori. Buɗe su a babban allo, ka zuƙo kan ido ko gefen wata, duk wanda bai fito tas ba ka share shi. Daga jerin hotuna masu kama da juna ɗaya ko biyu za ka bari.

Gyara a manhajar Snapseed ko Lightroom da wannan jeri: miƙe karkata, yanka, daidaita haske, rage wuraren da suka yi fari da yawa, ɗaga inuwa kaɗan, sannan launi a ƙarshe. Kada ka cika launi har ganye ya koma koren da babu shi a daji, musamman in hoton na gane nau'in halitta ne, don launi shaida ne.

Kowane hoto yana ɗauke da bayanan saitin da aka yi shi da su. Buɗe na wanda ya yi kyau da na wanda ya lalace ka gwama, a nan za ka ga ko sauri ne ya gaza ko ISO. Bayanan sukan haɗa da wurin da aka ɗauka, to cire shi kafin ka wallafa hoton sheƙa, dabbar da ake farauta, ko gidanka. Sa wa kowace jaka kwanan wata da sunan wuri, ka ajiye kwafi 3 a na'urori iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam ko a ma'ajiyar intanet.